BUTAR BAƘON GALMI

Shafi na 23

Bari in fara da abin da na ɓoye muku a shafukan baya: ina jin tsoro. Tun ranar da wani direba ya gaya mini cewa Alhaji Lawali ya sauka a garin Dikko, nan kusa da mu, bai kuma ce a ƙaraso da shi gidanmu ba, abinci ya daina yi mini daɗi. Na san zai zo. Na san abin da zai zo ɗauka. Inda abin yake ne ban sani ba.

Mahaifina, marigayi Malam Bamalli, shi ne mai masaukin fataken albasa na Galmi a nan unguwar Hashimi. Idan suka sauko daga Nijar a gidanmu suke kwana, a rumfarmu ake sauke kayansu, Baba ya sayar ya ɗauki la'adarsa. Gidan yana da wata al'ada da muka tarar: duk baƙon da zai koma gida yakan bar butarsa a rataye a ɗakin baƙi. Muddin butarka tana jikin ƙusa, kai ɗan gida ne, ko ka shekara ba ka leƙo ba. Ranar da ka zo ka sauke ta da hannunka, ka yi sallama da gidan ke nan. Alhaji Lawali shi ne babban fataken, kuma inda ya rataye tasa nan sauran suke ratayewa.

Matsalar ita ce, yanzu babu ɗakin baƙi. Lokacin da aka rufe iyaka, Baba yana kwance ba lafiya, ƙaninsa Baffa Saifullahi ne yake riƙe da gida da rumfa. Da albasa ta daina zuwa, sai ya ba da ɗakin haya ga wani matashi mai suna Chimdindu, wanda yake aiki a Abuja, ya fita da asuba ya dawo a gajiye. Ni ina makaranta ina ƙarasa difloma. Da na dawo na tarar an yi wa bangon fenti, ko ramin ƙusa ɗaya ba a bari ba. Ban tambayi inda butocin suka tafi ba, domin ban saba tambayar Baffa komai ba.

Bayan la'asar Alhaji ya yi sallama a ƙofar zaure. Abin da na fara lura da shi ita ce ƙafarsa ta hagu, wadda yake ja kaɗan-kaɗan. Da ba haka yake tafiya ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kaina ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Fakhruddeen. Ka zama Bamalli sak, har da ramar."

Baffa ya tarbe shi da fara'a, ya sa na shimfiɗa darduma na kawo ruwa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, hanya da iyali da kasuwa. Alhaji ya yi wa Baba addu'a har muryarsa ta sauya. Da Baffa ya tambayi ƙafar, sai ya ce tsufa ne, ya kawar da zancen.

Baffa mutum ne da ba ya iya zama da shiru. Ya gyara hularsa ya ce, "To Alhaji, an ce kun fita daga ECOWAS. Ashe har gidanmu kuka sa a takardar fitar? Iyaka ta daɗe da buɗewa, ko buhu ɗaya ba mu gani ba."

Alhaji ya yi murmushi.

"Ba a nemi sa hannuna ba, Saifullahi. Amma da an nema, da na sa."

"Da ka sa? Kai da cinikinka duk a nan yake?"

Daga nan Baffa ya shiga jero dalilansa. Ya ce ƙasar da ba ta da teku ba ta da ikon yin fushi, domin shinkafarta da maganinta sai sun ratsa ƙasar wani kafin su iso. Ya ce samarinsu sun cika Legas da Abuja suna gadi da sayar da shayi, idan wata rana aka ce kowa ya nuna takardar zama, ina za su sa kansu? Ya ce albasar Galmi ba a Galmi ake cinye ta ba.

"Kai, har wutar lantarki daga wurinmu take zuwa muku."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi fankar zaure, wadda gizo-gizo ya fara yi wa saƙa.

"Wagga wutar?"

Dariya ta kuɓuce mini. Baffa ya harare ni, na haɗiye sauran.

Sai Alhaji ya ajiye kofin ruwa ya fara magana a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ranar da aka rufe iyaka yana Ƙonni, a bakin iyakar, da motocinsa cike da albasa. Suka zauna suna jira a buɗe, har buhunan suka fara tsiyaya, wari ya cika garin. Ya ce uwargidansa mai ciwon suga ce, ya zagaye kantunan magani bai samu allurarta ba, ga wuta an yanke, wanda yake da ita ma ba shi da wurin sanyaya ta.

"Waɗanda suka yi juyin mulki da fanka suka kwana, Saifullahi. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, ni na kwana ina zuba albasa a rami."

Ya ce ƙungiyar da manyan ƙasashe ne suke ba da kuɗi da sojoji, kujerar ƙaramar ƙasa a cikinta ta ɗaukar hoto ce. Za a zauna da kai a ci abinci, amma ranar da za a yanke abin da ya shafi wuyanka, a rediyo za ka ji. Ya ce ƙasarsu tana da ma'adinan da ake haska garuruwan wasu da su, ƙauyensa kuwa har yau fitilar hannu ce, kuma shekarun da suka yi a cikin ƙungiyar ba su sauya wannan ba. Yanzu aƙalla su ne za su yanke kuɗin fiton kayansu, su ne za su zaɓi wanda za su yi ciniki da shi. Bai ɓoye ba cewa abinci ya yi tsada, hanyar kaya ta yi nisa, 'yan kasuwa da yawa sun karye. Ya ce duk ya sani, a aljihunsa ya ji.

"Amma gara in wahala a kan shawarar da aka yanke a gidana."

Baffa ya tafa hannu.

"A gidanka? Wa ya tambaye ka? Sojoji suka zauna suka yanke, kai ma a rediyon ka ji. Ko an kira ka ka jefa ƙuri'a?"

Na ɗauka Alhaji zai yi fushi, sai na ga ya gyaɗa kai.

"Wannan gaskiya ka faɗa. Ba a tambaye ni ba, kuma yana ci mini rai. Sai dai wanda bai tambaye ni ba a can, na san ƙofar gidan ubansa, wata rana zan iya tsayawa a gabansa. Na nesa ko sunan garina bai sani ba."

"To idan aka sake rufewa fa?"

"Kakana ya zo garin nan da jakuna ɗauke da kanwa, tun garin ne yake amsa sunan Abuja. Babu ƙungiya a lokacin, babu fasfo, kuma ya samu masauki. Ku da kuka ba da sunan garinku da filayenku aka yi babban birni, me kuka samu? Cunkoson motoci a Madalla."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mun samu 'yan haya mana."

Maganar tana fita ya gane abin da ya faɗa. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma.

"Na gani," in ji Alhaji.

"Ka gani yaushe? Ai ko tsakar gida ba ka shiga ba."

Alhaji ya gyara zama, ya ce bai zo don gardama ba. Ya samu wani mai masauki a Dikko, kusa da babban titi, kuma mutanensa sun yarda su bi shi can. Amma ba zai sauke kaya a rumfar wani ba alhali butarsa tana gidan Bamalli. Ya zo ya karɓe ta da hannunsa, kamar yadda aka saba, ya yi sallama ido da ido.

Baffa ya dube ni, na dube shi. Ya fara kame-kame. Ya ce lokacin fenti an kwashe kaya da yawa, bai riƙe inda aka kai kowanne ba. Sannan ya yi kuskuren da har yanzu idan na tuna nake jin kunya: ya ce in je bakin kasuwa in sayo wa Alhaji sabuwar buta, babba, mai kyau.

Alhaji ya dube shi kawai.

A nan ne muka ji motsi a bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida.

"Kada a sayo komai. Butar Alhaji tana wurina."

Muryar mahaifiyata ce, Umma Mas'uda. Tun da nake ban taɓa jin ta sa baki a maganar zaure ba. Ta miƙo hannu ta gefen labule, na tashi na karɓa. Tsohuwar butar ƙarfe ce, da jan zare ɗaure a marikinta, an goge ta har tana ƙyalli. Ta ce sauran ma duk suna ƙarƙashin gadonta. A bayan akurkin kaji ta tsince su ranar da aka yi fenti, ta wanke ta ajiye.

"Yaya Mas'uda, ai da kin gaya mini," in ji Baffa.

"Da ka tambaye ni."

Sannan Umma ta ce, "Alhaji, ka yafe mini, yau zan karya alkawari."

"Hajiya, bar shi."

"Ba zan bari ba. Yaron nan yana ganin siyasa ce ta hana ka zuwa."

Sai ta faɗi abin da babu wanda ya sani a gidan sai ita. Lokacin da Baba ya rasu iyaka tana rufe, kowa ya yi wa mutanen Galmi uzuri. Ashe Alhaji ya zo. Da labarin ya same shi, ya hau babur ya biyo ta daji, ta hanyar da masu fasa-ƙwauri suke bi, dattijo mai furfura a bayan yaro ɗan acaɓa. A wani kwari babur ɗin ya kayar da su, ƙafarsa ta bugu da dutse. Bai tsaya ɗori ba, ya ɗaure ta da rawaninsa ya ci gaba. Ranar Juma'a ya iso, maza duk sun tafi masallaci, mu ma muna can. Ya wuce kai tsaye ɗakin baƙi don ya yi alwala da butarsa kamar kullum, sai ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofa da takalman wani a bakin ɗakin.

Umma tana cikin takaba. Ta bayan labule ya yi mata ta'aziyya. Ya roƙi a kwatanta masa kabarin, ya je ya yi addu'a, ya juya a ranar. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, domin ba ya son a ji kunya a gidan da ake makoki.

"Ko ruwa bai sha ba," in ji ta. "Ƙafar da yake ce muku tsufa, garin zuwa ta'aziyyar Malam ya same ta."

Na dubi ƙafar. Na kasa ɗauke ido daga kanta. Na tuna yadda na zauna a wannan zauren ina karɓar gaisuwa, ina cewa a raina mutanen da Baba ya yi wa hidima duk rayuwarsa ko ɗaya bai zo ba. Na riƙe wannan a zuciyata fiye da shekara. Ashe mutumin ya ba da ƙafarsa.

Baffa ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce shi bai yi don wulaƙanci ba. Yayansa yana asibiti, albasa ba ta zuwa, gida cike da bakuna, ga kuɗin makarantata na shekarar ƙarshe. Kuɗin hayar nan ne ya sayi magani, shi ne ya kai ni har na karɓi difloma. Me ake so ya yi, ya bar ɗaki a rufe yana gadin butoci?

Kuma gaskiya ya faɗa. Ina so ku riƙe wannan, ku masu zaginsa a ƙarƙashin kowane shafi. Ba don Baffa ba, da ban ƙarasa karatu ba. Ya sayar da babur ɗinsa a kaina. Bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa a kwano ba.

"Ban ce kada ka ba da haya ba," in ji Alhaji. "Da ka tambaye ni, ni zan fara cewa ka bayar, har in ce ka ƙara da tabarmin. Iyaka aka rufe, Saifullahi, ba a rufe waya ba. Lambata tana wayar Bamalli."

Alhaji ya ci gaba.

"Mu ma ba mu ce ba ku taɓa yi mana alheri ba. Kun yi, ba ya ƙirguwa. Amma kowa yana so a kira shi kafin a sauke butarsa."

Ya miƙo hannu, na ba shi butar. Ya juya ta, ya shafa jan zaren da babban yatsansa, ya ce Baba ne ya ɗaura masa shi don kada ta ɓace a cikin sauran. Ya yi wa Umma godiya, ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Ya ce sauran mutanensa za su zo ɗaya bayan ɗaya su karɓi nasu.

Ina tsaye ina kallonsa yana jan ƙafa zuwa ƙofa, kaina yana ta lissafi, domin ni mutum ne da ba ya taka ƙasa sai ya duba. Rumfar kasuwa da sunan Baffa take yanzu. Katin ƙungiyar dillalai nasa ne. Ni takardar difloma kawai gare ni da riga biyu na zuwa neman aiki. Chimdindu bai yi wa kowa laifi ba, ya biya hayarsa, ba za a tashe shi ba. Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan da nake da iko da shi: nawa, wanda na gama gyarawa don Sakinatu, yarinyar da aka sa ranar aurenmu bayan Sallah. Ita ta zaɓi launin labulen. Ban san me zan ce wa iyayenta ba.

Na kuma tuna cewa ni ma ba a taɓa tambayata ba. Ba a tambaye ni kan ɗakin ba, ba a tambaye ni kan rumfar ba, ni kuma na ji daɗin hakan, domin wanda ba a tambaya ba ba ya ɗaukar laifi.

Alhaji ya sa ƙafarsa mai lafiya a dokin ƙofa.

"Alhaji, don Allah dakata."

Ya tsaya bai juyo ba.

Na je gaban Baffa na durƙusa har ƙasa. Na ce masa na gode da riƙon da ya yi mana, na gode da babur ɗin, na gode da duk abin da ban ma sani ba, kuma har in mutu ba zan ɗaga murya a gabansa ba.

Baffa ya ƙanƙance ido. Ya san ni.

"Malam Difloma, wannan doguwar godiyar ina ta nufa? Kai ma fitar za ka yi?"

"Baffa..."

"Ka yi tunani. Rumfa tawa ce, kati nawa ne. Ba ka taɓa sayar da ko kwano ɗaya na albasa ba. Idan ka fita daga hannuna, ba ka da inda za ka sauke buhu, kuma kada ka dawo kana kuka. Ita yarinyar mutane a ina za ka ajiye ta, a zaure?"

Na ji Umma ta ja numfashi a bayan labule. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Na miƙe tsaye. Na ɗauko hamar da take kan taga da ƙusa ɗaya daga cikin waɗanda suka rage na gyaran ɗakina. Na juya wurin Alhaji, na miƙa ɗaya hannun ga butar, na yi magana yadda har na cikin gida za su ji.

"Baffa, ka riƙe rumfa, Allah ya sa mata albarka. Amma masaukin Baba daga yau ya dawo hannuna, ni kaɗai, ko a gindin bishiya zan sauke kaya. Ɗakina ya zama ɗakin baƙi. Alhaji, kawo butar nan, yanzu zan rataye ta."